Fijo 504 da Jarrabawar Dajin Falgore: Tarihin Sauke Inji

A kan hanyar Kano zuwa Jos akwai wurin da hira ke yankewa a cikin mota. An baro Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, an sha ruwa a Tudun Wada, sai gidaje su fara ja baya, gonakin masara su ƙare, itatuwa su matso bakin kwalta. Daga nan har a ɓulla ta wajen Doguwa, dajin Falgore ne. Ina yaro na sha bin hanyar nan a kujerar ƙarshe ta doguwar Fijo mai layi uku, a matse tsakanin manya. Abin da na fi riƙewa shi ne yadda direba kan rage muryar rediyo da zarar an shiga dajin. A lokacin na ɗauka addu'a yake yi. Wataƙila yana yi ɗin, amma daga baya na gane cewa kunnensa na kan inji.

Yana da hujja. Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe dajin a shekarun 1940 da sunan Kogin Kano, aka mayar da shi gandun namun daji a shekarun 1960, kuma faɗinsa ya doshi murabba'in kilomita 1,000. A tsakiyarsa babu gareji, babu mai faci, kuma an yi shekaru sunansa na tafe da labarin 'yan fashi. Motar da ta mutu a Kura ɓata lokaci kawai ta jawo wa fasinja. Wadda ta mutu a Falgore bayan la'asar tana iya jawo abin da ya fi haka. Ga hawa kuma a gaba, domin Kano ba ta kai mita 500 bisa teku ba, Jos kuwa ta kai 1,200. Aikin da makanike ya yi a cikin inji ido ba ya ganinsa, tun da an rufe shi da ƙarfe an ɗaure da noti. Wannan hanya ce ke tona shi.

Gyaran da nake nufi shi ne babba, wanda ake kira sauke inji: a ciro shi daga mota, a warware shi ƙarfe-ƙarfe, a sake gina shi. A Turai da Amurka yau wannan aikin masu hali ne da ke kiwon tsofaffin motocin tsere, kuma tambaya biyu ke hana su barci: nawa zai ci, wa kuma zai yi shi daidai? Direbobin Arewa sun yi shekara talatin suna fama da tambayoyin nan biyu, a kan motar da take ɗaki ɗaya da waɗancan motocin tseren. Abin da ya faru da amsar a tsakanin 1975 da yau shi ne labarin.

Jinin tsere

Ga Bahaushe, Fijo motar ma'aikaci ce da ɗan tasha, ba a haɗa ta da wasa. Amma sunan da Peugeot ta yi a Afirka a filin tsere ta fara yin sa. Samfurin 404 ya ci gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin laka da ƙura da suka karya motocin da suka fi shi gudu. A 1968 aka fito da 504, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 kaɗai ta ci Safari a hannun Ove Andersson, ta ci gasar Maroko a hannun Hannu Mikkola, ta kuma ci ta Bandama a Kodebuwa.

Tana da 'yar'uwa da ba mu cika gani a nan ba: 504 mai ƙofa biyu, wadda gidan Pininfarina na Italiya ya zana kuma ya ƙera jikinta, aka nuna ta a Janiba a 1969. Daga 1974 aka sa mata inji mai silinda shida da Peugeot da Renault da Volvo suka yi tarayya wajen ƙerawa. Da ita Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari ta 1978, ya bar Porsche 911 a bayansa, ya ƙara da Bandama a shekarar. Ita ce yau masu tara tsofaffin motoci ke rububi, domin ita da mai buɗaɗɗen rufi duka-duka ba su kai 40,000 ba, alhali 504 gaba ɗaya an ƙera sama da miliyan 3. Amma da yawa daga cikin masu ƙofa biyun injin silinda huɗu suke ɗauke da shi, ɗan gida ɗaya da wanda ke cikin motar haya ta Kano zuwa Jos. Bambancin da ke tsakaninsu a hanyar shigar da fetur ne. Gangar injin da tsarinsa ɗaya ne.

Yadda ta zama tamu sananne ne. An yi rajistar kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a Disamba 1972, masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975 a zamanin Janar Yakubu Gowon. Shekarar ta zo daidai da kuɗin Udoji a aljihun ma'aikata, ta kuma zo daidai da cunkoson jiragen siminti da ya toshe tashar ruwan Legas. Sai aka koma ɗauko sassan mota ta sama, da jiragen dakon kaya na kamfanin UTA, daga Lyon zuwa filin jirgin Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Hanyoyin Kano zuwa Kaduna kuwa, ta kwalta da ta dogo, duk ta Dangora suka bi. Ke nan injinan sun ratsa ƙasar Kiru a cikin akwati tun kafin su taɓa ɗanɗana fetur. Gwamnatin Janar Obasanjo ta mayar da 504 motar hukuma, bashin mota ya kai ta gidajen malamai da akawuna, kuma a farkon shekarun 1980 Kakuri na fitar da dubun-dubatar motoci a shekara.

Injin da aka ƙera don a sake shi

Dole mu leƙa cikin injin, domin a nan asirin yake. Wanda ya fi yawa a ƙasar nan shi ne mai cin lita biyu, 1971cc, silinda huɗu, gangar jikinsa baƙin ƙarfe, kansa, wanda makanikai ke kira top, na alminiyam, kuma an kwantar da shi a karkace. A yawancin motoci, ramukan da fistin ke hawa da sauka a cikinsu an huda su ne a jikin gangar kanta. In suka cinye sai a kai gangar wurin injin huda a faɗaɗa ramin, a nemo fistin da ya fi girma, kuma sau biyu ko uku kawai za a yi haka nama ya ƙare. A Fijo ba haka ba ne. Kowace silinda bututun ƙarfe ce mai zaman kanta, bari mu kira ta rigar silinda, wadda ake zurawa cikin ganga ruwan sanyaya inji yana kewaye ta. In ta tsufa zare ta ake yi a zura sabuwa. Ana sayar da su a kwali guda: riga huɗu, fistin huɗu, da ring ɗinsu. Ganga ɗaya tana iya cin riguna sau da dama ba ta san an yi ba.

Wannan dabara ce ta sa makanike a Tudun Wada, da inuwar bishiya da sarƙa da ƙarafa uku, zai iya mayar da tsohon inji kusan sabo ba tare da babbar na'ura ba. Abu ɗaya ne dole ya tura birni, wato karanshaf, sandar nan mai gwiwoyi da fistin ke juyawa. In ya ci, sai an kai shi wurin masu na'urar yanka su rage masa kauri daidai wa daida, a sayo metal mai kaurin da zai cike gurbin.

Sai dai saukin nan yana da sharaɗi, kuma sharaɗin awo ne. Dole kowace riga ta ɗan ɗara saman ganga da abin da bai wuce kaurin silin gashi ba, kuma huɗun su zama kai ɗaya. Don a sami haka akwai siraran takardu masu kauri daban-daban da ake sa wa a gindin riga, a auna, a canza, a sake aunawa. In riga ta nutse, gasket ba zai kama ba, ruwa ya shiga baƙin mai, ko wuta ta shiga ruwa. Tazarar da ke tsakanin karanshaf da metal ita ma ba ta kai silin gashi ba: in ta matse inji ya kama, in ta yi sako-sako ƙarfin mai ya faɗi, metal ya narke, a ce inji ya buga. Notikan top akwai jerin da ake bi wajen ɗaure su da ƙarfin da aka ƙayyade, da sufana mai awo. Top ɗin kansa, da yake alminiyam ne, in ya taɓa yin zafi ƙwarai yakan lanƙwashe, sai an daidaita fuskarsa. Bayan an gama duka, inji na buƙatar kimanin kilomita 1,000 na tafiya a hankali ba lodi mai nauyi, sannan a juye mai, a sake ɗaure top, a saita bawul.

Duk wanda ya bi wannan jeri zai ga cewa tsadar aikin gida uku ce: kaya, da awo, da lokaci. A shekarun 1970 da farkon 1980 ukun duk suna samuwa. Dillalai irin su SCOA suna da kayan asali da littafin gyara da ma'aunai, kuma da yawa daga manyan makanikan wancan zamani a garejinsu ko a garejin Ma'aikatar Ayyuka suka koyi sana'a kafin su buɗe nasu. Naira tana da ƙarfi. Mai mota na iya jure mako biyu motarsa na kan dutse.

Yadda aka yi ta rage aikin

Kaya ne suka fara tafiya. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a Afrilu 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, a watan Satumba aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje. Mu ɗauki misali mai sauƙi, kwalin kayan inji na dala 100. A 1980, da dala ke kusan kobo 55, kuɗinsa naira 55 ne. A 1987 ya kai wajen naira 400. A 1993, ko da farashin hukuma, ya kai naira 2,200, bayan shekara biyu kuma wanda zai sayi dala a kasuwa sai ya tanadi kusan naira 8,000. Kuɗin mota daga Kano zuwa Jos ya tashi shi ma, amma bai taɓa cin ma wannan gudu ba, domin manomin Doguwa da ɗan tiredan Saminaka da ke biya ba su da inda za su samo.

Kasuwa ta amsa da abin da ta iya. 'Yan kasuwar Nnewi suka buɗe hanyar Taiwan, daga baya ta Sin, wasu ma suka kafa masana'antun ƙera sassa a gida. A Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano kaya suka kasu hawa-hawa: na asali, da mai bi masa, da wanda kwalinsa kawai ya yi kama da na asali. Ba adalci ba ne a yi musu kuɗin goro a ce duk jabu ne. Akwai masu kyau a cikinsu, kuma ba don su ba da motocin haya na Arewa sun tsaya cik tun kafin 1990. Matsalar ita ce mai saye ba shi da hanyar bambancewa sai bayan an rufe inji.

Daga nan sunan aikin kansa ya canza. Sauke inji, wanda a da yake nufin riga da fistin da ring da metal da yankan karanshaf da gyaran top, ya tsuke ya zama abin da ake kira zuba ring da metal. A bar tsofaffin riguna, a goge su da sanfefa, a sa sabon ring a kan tsohon fistin. Ramin da ya riga ya zama ƙwai, ring mai da'ira ba zai toshe shi ba. Hayaƙi zai ɗauke na 'yan watanni, mai mota ya yi murna, sannan ya dawo shuɗi kamar da, ana ƙara baƙin mai a kowace tasha.

Awo ne ya bi baya, kuma a ganina shi ne babbar asara, domin shi kaɗai ne cikin ukun ba ya dawowa da kuɗi. Yaron da ya koyi aiki a 1995 a wurin ubangidan da ma'auninsa ya lalace ba a sake saye ba, da hannu ya koyi komai. Yana juya karanshaf ya ji ko ya matse, yana ɗaure noti har sai ya ji a kafaɗarsa. Ban raina wannan ilimi ba. Na ga tsohon makanike ya kafa sukurdireba a jikin inji ya kara kunne a ƙotarta ya faɗi silindar da ke ƙara, aka buɗe aka tarar haka ne. Amma hannu ba ya jin rabin silin gashi, kuma a wannan tazara ce rayuwar inji take. Aka kuma ƙara da wasu al'adu da suka zama kamar doka: a cire abin da ke daidaita zafin ruwa a jefar wai don ƙasar sanyi aka yi shi, a ɗaure fanka ta yi ta juyawa ba hutu, a cika lagireto da ruwan rijiya da ke cin alminiyam yana tara tsatsa a gindin riga. Ƙurar hunturu kuwa, in matatar iska ta huje, aikin sanfefa take yi a cikin silinda. A shekarun ƙarancin mai na 1990, fetur ɗin 'yan bumburutu da aka gauraya da kananzir ya ƙarasa abin da ya rage.

Lokaci kuma dama shi ne abin da ɗan haya ba shi da shi. Direban da ke biyan balas kullum ba zai yi kilomita 1,000 yana lallaɓa mota ba fasinja ba. Da an tayar da inji da hantsi, kafin azahar yana layi a tasha, mutum tara a ciki, buhuna a kan rufi, ya nufi Falgore da hawan Jos. Ko aikin da aka yi shi bisa ƙa'ida zai sha wuya a haka.

Akwai kuma yadda muke biyan kuɗin, wanda ba a cika magana a kansa ba. Mai mota ne ke sayo kaya da kansa, ko ya bi yaron gareji kasuwa, makanike kuma a ba shi kuɗin aiki da aka yi ciniki aka matse. Babu wanda ake biya don awo, tun da awo ba a ganinsa. Wanda ya ɓata yini yana daidaita riguna da wanda ya zura su cikin awa guda kuɗinsu ɗaya. In inji ya buga bayan wata uku, makanike ya ce kaya ne, mai kaya ya ce makanike ne, su biyun su haɗu su ce direba ne bai duba mai ba, kuma kowannensu na iya zama mai gaskiya. Wani kawuna ya sauke injin Fijonsa sau biyu a cikin shekara guda. Da aka haɗa lissafi, abin da ya kashe ya fi kuɗin aiki ɗaya cikakke da ya ƙi yarda da shi tun farko don ya yi masa tsada. Na biyun ma a gefen hanya ya ƙare, ruwa da mai sun zama kunu.

Zuwan Beljiyam

Abin da ya kashe sana'ar daga waje ya zo. Daga ƙarshen shekarun 1980 tsofaffin motocin Turai suka fara kwarara: a tara su a unguwar Heyvaert ta birnin Burasel, a loda a tashar Antwerp, a sauke a Kwatano, wasu su bi ta Gaya da Maraɗi su shigo Arewa. Tare da su kwantenoni cike da injina da aka ciro daga motocin da suka yi hatsari ko suka tsufa. Sunan ƙasar ya zama sunan kaya, har ya zama yabo: Beljiyam ne, ba a taɓa buɗe shi ba. A lura da abin da wannan yabo ke nufi. Darajar injin ita ce hannun makanikenmu bai shiga cikinsa ba. Tsohon inji da ya yi shekaru yana aiki a Turai, wanda ba wanda ya san tarihinsa, ya fi kwanciya a ran mai mota a kan wanda aka sake ginawa jiya a gaban idonsa.

Lissafin mai mota ba wauta ba ne. Injin Beljiyam yini ɗaya ake ɗora shi, ana iya tayar da shi a ƙasa a ji ƙararsa kafin a biya, kuma awon da ke cikinsa na masana'anta ne. Amma duk injin da aka ɗora haka aiki ɗaya ne da wani yaro bai koya ba. Motocin da suka gaji Fijo a tashoshi, su Golf da Sharan da bas ɗin Toyota, ba su da rigar da ake zarewa cikin sauƙi, don haka su ma hanyar canji aka bi da su. Makanike ya koma mai sauke wannan ya ɗora wancan.

Ita ma Kakuri ƙarfinta ya yi ta raguwa. Tsarin mayar da alawus kuɗi na 2003 ya sa gwamnati ta daina sayen motoci da yawa, a 2006 aka daina haɗa 504, aka kuma sayar da kaso mafi girma na kamfanin ga 'yan kasuwa, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi. Najeriya na cikin wuraren ƙarshe a duniya da aka ƙera motar, shekara 23 bayan an daina yin salun ɗinta a Faransa.

Inda lissafin yake yau

Abin mamaki shi ne yanzu an yi musayar matsayi. A Faransa, mai 504 mai ƙofa biyu yana samun kaya: ƙungiyar L'Aventure Peugeot, mai gidan tarihi a Sochaux, tana sayar da sassan tsofaffin motoci, ga kuma 'yan kasuwa masu zaman kansu. Abin da ke cin kuɗinsa hannun ma'aikaci ne, domin aikin yana ɗaukar awoyi masu yawa kuma kowace awa da kuɗinta. Amma abin da yake saye da kuɗin nan shi ne awo: takarda mai ɗauke da tazarar kowane metal da tsayin kowace riga, da garanti. A nan kuwa hannu ne mai araha, kaya ne masu tsada. Tun da aka saki naira a Yuni 2023, dala ta haura 1,500 a 2024, wancan kwali na dala 100 ya zama naira 150,000 kafin kwastan da riba. Injin Beljiyam na 504 kuma ya zama abin nema, domin Turai ta daɗe da gama zubar da nata, sauran da suka rage masu tarawa sun riƙe. Hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairu 2017 ya ƙara tsuke hanyar Kwatano. Wanda ke son Fijonsa ta ci gaba da tafiya dole ya koma ga sauke inji, a daidai lokacin da masu iya yin sa bisa ƙa'ida suka tsufa.

Kuma akwai masu so. A ranakun kasuwa a ƙasar Tudun Wada da Doguwa har yanzu akan ga a-kori-kura 504 ta durƙusa da buhunan masara, ta fi direbanta shekaru. Akwai kuma wani rukuni da na san yana cikin masu karanta wannan wasiƙa: waɗanda motar mahaifinsu ke ajiye a gindin darbejiya a gidan gado, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar baya, ba a son sayarwa 'yan gwangwan, ba a kuma san ta inda za a fara ba.

Ga mai wannan niyya, abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne kada farashi ya zama tambayar farko. A fara da roƙon makanike ya nuna ma'auninsa da sufanarsa mai awo. In ya yi dariya ya ce hannunsa ya isa, a yi masa godiya a ƙara gaba. A tambaye shi wurin wa zai kai karanshaf da top, a je a ga wurin. A yarda a biya shi kuɗin yini biyu ko uku na awo kawai, a ce ya rubuta lambobin a takarda, kafin a sayi ko da noti ɗaya, domin awon ne zai faɗi abin da za a saya. A sayi riga da fistin da ring a kwali guda daga hannun mutum ɗaya da za a iya komawa wurinsa. A wanke lagireto, a mayar da abin daidaita zafi mazauninsa, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. Inji da ya daɗe a ajiye sau da yawa tsatsa ta ci mazaunin riguna a cikin ganga, kuma in ta ci da yawa babu takardar da za ta toshe shi, sai a nemi wata gangar. Wannan ma kafin sayayya ake dubawa.

Sannan a ba shi kilomita 1,000 ɗinsa. Kano zuwa Tiga da dawowa, a hankali, sau da yawa, a tsaya a bakin madatsar a buɗe bonet a duba ruwa da mai. Bayan an juye mai an sake ɗaure top, sai a kama hanyar Kwanar Dangora da sassafe, da jarkar ruwa da fanbel na ajiya a but, a lissafa yadda za a fita Falgore kafin azahar.